Ƙofar da Ba Mu Ƙwanƙwasa Ba



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ni ɗalibi ne, ban kai matsayin ba da fatawa ba. Abin da zan kawo maka a yau labarin wani kuskure ne da na tafka da hannuna a watan azumin shekarar 2020, wanda har yanzu idan na tuna shi sai kunya ta rufe ni. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi, amma da na ga yadda ƙannenmu ke jifan juna da munanan kalamai a intanet a kan mutanen da ba su taɓa zama da su ba, sai na ga shiru ba zai amfani kowa ba.

Garin da kogi ya raba

A Badarawa aka haife ni, a arewacin kogin Kaduna. Lokacin ƙuruciyata layinmu ya tara mutane iri-iri. Akwai Hausawa da Fulani da Nufawa, akwai Yarabawa, akwai kuma mutanen kudancin jihar, Bajju da Atyap da Jaba, waɗanda Hausa ce harshen da muke ciniki da wasa da faɗa da su a cikinsa. Ranar Sallah mukan kai musu tuwo da nama, ranar Kirsimeti su aiko mana da shinkafa da cincin, kuma da yawansu sukan kira Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya don kada mu ƙi ci.

Duk wannan ya fara rushewa ne a ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000, lokacin da zanga-zangar da aka yi kan batun shari'a ta rikiɗe ta zama kashe-kashe. Aka sake kwatawa a watan Mayun shekarar, kuma tsakanin karon farko da na biyu rayuka sama da 1,000 suka salwanta, Musulmi da Kirista. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci mutum sama da 200, sannan a Afrilun 2011 rikicin bayan zaɓe ya sake buɗe gyambon da bai gama warkewa ba. Kowane karo sai mutane su kwashe kayansu su nufi inda 'yan'uwansu suka fi yawa. Musulmi suka baro Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi suka tattaru a Rigasa da Tudun Wada da Kawo da sauran unguwannin arewa, Kiristoci kuma suka haye gada suka yi kudu. Wasu sun sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu musaya suka yi, gida da gida. Har ta kai ana yi wa ɓangarorin biyu laƙabi, ana ce wa wannan Makka, wancan Kudus. Da rana a haɗu a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi da ofisoshin gwamnati, da magariba kowa ya koma tsallakensa.

To, amma ƙaura ba ta kwashe kowa ba. A kowane tsallake akwai waɗanda suka rage, galibi tsofaffi da marasa ƙarfi, waɗanda ba su da kuɗin sabon gini ko kuma zuciyarsu ta ƙi rabuwa da inda suka saba. Ɗaya daga cikinsu ita ce maƙwabciyarmu, wadda duk layi ke kira Mama Nas.

Daren da aka haifi ƙanwata

Mama Nas ma'aikaciyar jinya ce, ungozoma, mutuniyar kudancin Kaduna, Kirista mai riƙo da addininta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu. A dare na biyu na rikicin Fabrairun 2000, ana cikin dokar hana fita, ana jin ƙarar bindiga daga nesa, naƙuda ta kama mahaifiyata. Babu mota, babu hanyar zuwa asibiti. Ina ɗan shekara 10 a lokacin, amma ina tuna yadda mahaifina ya tsaya a tsakar gida yana kai-komo, daga bisani ya jingina tsani a katanga ya leƙa ya kira ta da murya ƙasa-ƙasa. Matar da tun safe take ɓoye a ɗaki, ta kashe fitila don tsoron kada a san tana ciki, ita ce ta hau tsanin nan ta sauko gidanmu da jakarta, da tocila da safar hannu da sabuwar reza da zare. Kafin kiran assalatu ƙanwata ta faɗo duniya lafiya.

Da gari ya waye wasu samari baƙin fuska suka shigo unguwa suna tambayar gidajen da ba na Musulmi ba. Mahaifina da limamin masallacinmu da wasu dattawa suka tare bakin layi suka ce babu mai wucewa. Ita kuwa tana ɗakin jego, mahaifiyata ta yafa mata hijabi, tana riƙe da jaririya, a ɗakin da ko mai gida ba ya faɗa masa kai tsaye balle baƙo. Kwana biyar ta yi a nan. Ita ta riƙa yi wa jaririya wanka tana gasa mata cibiya, har ƙura ta lafa.

Bayan haka Kiristocin layinmu suka tashi ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yanta ma suka koma Sabon Tasha, suka yi ta roƙonta ta bi su, ta ƙi. Takan ce wa mahaifiyata, gidan nan mijinta ya gina shi kafin ya rasu, kuma mutanen da suka tsaya mata a ranar tsoro ba za ta guje su a ranar lafiya ba. Haka ta zauna, duk Lahadi ta hau mota ta tsallake kogi zuwa cocinsu, da yamma ta dawo. Babu adadin jariran da ta karɓa a layin nan, da hawan jinin da ta auna, da allurar da ta yi ba tare da ta karɓi ko kwabo ba.

Jerin sunaye

Shekara 20 bayan wancan dare, a ƙarshen watan Maris na 2020, gwamnatin jiha ta kafa dokar kulle saboda annobar korona. Aka rufe kasuwanni da makarantu da masallatan Juma'a da coci-coci, sai 'yan kwanaki ƙalilan a mako ake sassautawa a fita neman abinci. Azumi ya riske mu a haka a ƙarshen Afrilu. Duk wanda ke cin abinci daga fitar yau da kullum, ɗan acaba da tela da mai wankin hula da mai tuyar ƙosai, ya shiga wani hali.

Mu matasan masallacin layinmu muka kafa ɗan kwamiti, muka bi masu hali muka tara abin da ya sauwaƙa, muka sayi gero da shinkafa da sukari da man girki. Ni aka ɗora wa rubuta sunayen mabuƙata. Na zauna da ladan muka lissafa mutane sahu-sahu, wane da ke tsayawa a dama da liman, wane da ke zuwa a makare. Na tambayi malamar Islamiyyar matan aure ta ba ni sunayen zawarawa da masu marayu. Jerin ya cika shafi biyu, muka yi rabo sau biyu, ina ta jin daɗi a raina cewa mun yi aikin lada.

Ranar goma ga azumi, bayan shan ruwa, na nuna wa mahaifiyata takardar, ina jiran ta sa mini albarka. Ta sa na karanta mata sunayen daga farko har ƙarshe. Da na gama sai ta yi shiru, can ta ce, "Ban ji sunan Mama Nas ba."

Na ce, "Umma, ai ita tana da fansho, ga kuma 'ya'yanta."

Ta ce, "Ka tambaye ta? Yau kwana uku ina duba saman katangar nan, ban ga hayaƙi ya tashi daga madafinta ba. Ƙafata ce ta hana ni fita. Tashi ka je yanzu."

Na je na yi sallama. Ta daɗe kafin ta buɗe, tana dafa bango. A kan ɗan teburinta akwai kofi da ragowar garin kwaki da aka jiƙa da ruwa zalla, ga kwalin maganin hawan jini babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Da na matsa da tambaya ta gaya mini fanshonta ya maƙale wata biyu, ɗanta da ke tallafa mata da keken haya yake ci kuma an hana su fita, cocinsu ya yi rabon abinci amma a can tsallake, ita kuwa ba ta da ƙarfin zuwa. Na ce, "Mama, don me ba ki aiko ba? Katanga ɗaya ce fa tsakaninmu."

Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, na ji hayaniyar rabonku. Na ɗauka na masu azumi ne, shi ya sa ban so in ba ku wahala ba."

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Babu wanda ya ƙi ta a cikinmu, babu wanda ya ce kada a ba ta. Mantawa muka yi, kuma mantuwar tana da dalili: mun ƙirga mutane ne daga cikin masallaci, ita kuwa ba ta shiga masallaci. Waɗanda za su ƙirga ta a coci suna hayin kogi. Ta faɗa a tsakanin jeri biyu, babu wanda ya ɗauke ta. Ka ga illar rabuwar garin nan da ba a cika faɗa ba, wato ta raba mabuƙaci da hannun da ya saba taimakonsa. Ina da yaƙinin cewa a wannan watan akwai wani tsoho Musulmi a Kakuri ko Nasarawa da irin wannan ta faɗa wa.

Abin da liman ya koya mana

Washegari na kai maganar gaban kwamiti. Wani ɗan'uwa, da kyakkyawar niyya, ya ce a cikin kuɗin da muka tara akwai zakka, kuma zakka ba ta halatta ga wanda ba Musulmi ba. Muka ɗunguma zuwa wajen liman, wancan dattijon da ya tare bakin layi a shekarar 2000. Ya saurare mu, ya ce maganar ɗan'uwan tana da tushe, domin mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa zakkar farilla ta matalautan Musulmi ce. Sai dai sadakar ganin dama da kyauta da ciyarwa ƙofarsu a buɗe take ga kowane ɗan Adam. Ya ce mu ware zakka gefe guda, sauran kuma gefe guda. Sannan ya ƙara da maganar da ta zame mini darasi har gobe: mu daina ƙirga sahu, mu fita mu ƙirga ƙofofi, domin haƙƙin maƙwabtaka da ƙofa ake auna shi.

A zaman nan ya tunatar da mu abubuwan da duk mun karanta a Islamiyya muka bari a cikin littafi. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i, wadda ta fara da umarnin kaɗaita Allah da bauta, ita ce ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, kuma malamai irin su Imam Ƙurɗubi da Ibnu Hajar sun bayyana cewa sunan maƙwabci ya haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bayyana cewa Allah bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Manzon Allah (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Sahabi Abdullahi ɗan Amr (RA) kuwa, da aka yanka akuya a gidansa, abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kuma kafa hujja da wannan wasiyya ta Jibrilu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo, ya kuma umarci Asma'u 'yar Abubakar (RA) da ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba.

Muka fita ƙofa-ƙofa. Abin mamaki, ba Mama Nas kaɗai muka tsallake ba. Mun samu wani tela Bayarabe Kirista da ke kwana a shagonsa, da wasu ɗalibai biyu da kulle ya rutsa da su a ɗakin haya. Mun kuma samu Musulmi da jerinmu bai gani ba: wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta hana shi zuwa jam'i tun bara, da wata baiwar Allah mai takaba da ba ta zuwa Islamiyya. Ashe ma'aunin da ya ɓoye mana Kirista ya ɓoye mana 'yan'uwanmu na addini ma.

"To, su fa?"

Na san abin da wani mai karatu zai ce, domin an sha faɗa mini: su ma suna yi mana haka? Ina waɗanda aka tare a hanya a Gonin Gora? Ina Musulmin da aka kashe a Zonkwa a 2011? Ba na raina wannan ciwo, domin a danginmu ma akwai wanda ya fita bai dawo ba. Su ma a can tsallake suna da nasu jerin matattun da suke lissafawa. Amma Alƙur'ani ya yanke wannan magana ta fuska biyu. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, sannan a wurare da dama an maimaita cewa babu ran da ke ɗaukar laifin wani. Tsohuwar da ta yanke wa ƙanwata cibiya ba ta tare kowa a hanya ba. Laifin tudu ba ya hawa kan gangare don kawai ƙasarsu ɗaya.

Kuma gaskiya ita ce, akwai masu yi. A nan Kaduna, Fasto Yohanna Buru na Sabon Tasha ya shafe shekaru yana kai hatsi ga mabuƙatan Musulmi da fursunoni a watan azumi, jaridu sun sha kawo labarinsa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance jagororin matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna, kuma da ƙoƙarinsu ne malaman addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. A jihar Filato, a watan Yunin 2018, Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019.

Sai dai ka lura da wani abu. Wata uku kacal bayan sa hannu a waccan yarjejeniya ta 2002 garin ya sake kamawa da wuta. Ban faɗi haka don rage darajar aikinsu ba, illa don mu gane cewa takardar manya tana buƙatar ƙananan hannaye a cikin layi su riƙe ta. Dattawan da suka tare bakin layinmu sun yi haka ne saboda shekara da shekaru na kwanon tuwo da gaisuwar safe da zuwa jana'iza da suna. Wanda bai san sunan maƙwabcinsa a ranar lafiya ba, da wuya ya tsaya masa a ranar tashin hankali.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa kyautatawa tana nufin narkar da aƙida. Shekarun da muka yi da Mama Nas ba ta taɓa kiranmu coci ba, mu ma ba mu taɓa shiga ibadarta ba. Mahaifiyata ta sha yi mata tayin Musulunci cikin ladabi, ita kuma ta amsa cikin ladabi. Shiriya a hannun Allah take. Abin da ke hannunmu shi ne kada maƙwabci ya kwana da yunwa muna da saura a tukunya, kuma kada buhun shinkafa ya zama ƙugiyar da za a ja mutum da ita.

Kammalawa

Mama Nas ta rasu shekara uku bayan wancan azumi. 'Ya'yanta suka zo suka ɗauki gawarta zuwa garinsu. Kafin su tafi, samarin layinmu ne suka share ƙofar gida suka jera kujeru, matan layi suka yi ta girki saboda masu zuwa gaisuwa daga tsallake, wasunsu rabonsu da Badarawa tun 2000. Ƙanwata ta yi kuka kamar wadda ta rasa uwa. An sayar da gidan daga baya, kuma a yau babu Kirista ko ɗaya a layinmu. 'Ya'yana suna tasowa ba su san maƙwabci irin wanda na sani ba, abin da za su ji game da mutanen tsallake sai abin da waya ta gaya musu. Wannan yana damuna ƙwarai.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ga 'yar shawarata. Idan kana cikin wata ƙungiya ta masallaci ko ta ɗalibai da ke rabon abinci, ka tambayi yadda aka haɗa jerin sunayen, kuma wane ne hanyar haɗawar za ta tsallake. Ku ware zakka ku kai ta inda shari'a ta ce, sauran kuma ku bi layi da shi gida-gida. Idan babu wanda ba Musulmi ba a unguwarku, akwai shi a ajinku ko wurin aikinku ko shagon da ke jikin naku a kasuwa, kuma shi ma yana da haƙƙin zama tare. Ka duba shi idan ya yi ciwo, ka yi masa jaje idan ya yi rashi. Kada ka jira sai ya roƙa, domin masu mutunci da yawa sun gwammace su jiƙa gari da ruwa su rufe ƙofa.

Ni dai tun daga wancan dare na koyi ɗaga kai in dubi saman katanga, kamar yadda mahaifiyata take yi.

Allah Ya yafe mana sakacinmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtanmu, Ya zaunar da Kaduna da Nijeriya lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma daga gare ni ne, ina neman gafararSa.